Man Kaɗanya a Cikin Takalmin Roba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da takalmi ya raba ni da aikin albashi ba. Ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu Boko ba za su bari ba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa, ko'ina gini. Aka ce wani ɗan kwangila yana neman leburori masu sauke siminti a Kankiya, aiki na wata da watanni. Ni kuwa gero bai yi mini ba a shekarar, rumbu ya kusa nuna gindinsa, ga mata ga 'ya'ya uku. Ƙarfi dai ina da shi. Buhun gero ni kaɗai nake saɓa shi, ba a kama mini. (Ba fariya ba ce. Karatu ne bai zauna ba, sai Allah ya biya ni ta nan.)

Mai ɗaukar mutanen wani tsohon soja ne, ana ce masa Saje. Ba ruwansa da takarda. Wani dogon ƙarfe gare shi, ya daskarar masa da siminti a garwa biyu, kowane gefe ɗaya. Ka ɗaga shi sama da kanka, Saje ya ƙirga uku, shi ke nan an ɗauke ka.

Abin da ya cuce ni faso ne. Diddigena a tsage yake, ƙwayar dawa in ta shiga sai an tono ta. Ran kasuwar Kusada wani mai takalma ya dubi ƙafata ya ce, "Haba maigida, da wannan za ka tsaya gaban mutanen gari?" Ya miƙo mini baƙin takalmin roba, rufaffe, sai sheƙi yake yi. Na ce ya yi mini yawa. Ya ce ai ƙafa tana buɗewa da rana. Na yarda. Ni da girmana.

Ranar tafiya da safe na sa, sai robar ta dinga gugar fason. Na jawo man kaɗanyar matata Hinde na lafta wa ƙafafun har idon sawu.

"Malam," in ji ta, "ƙarfe za ka ɗaga ko ɗaurin aure za ka?"

Na ce mata ba ta san gari ba.

Tare muka tafi da maƙwabcina Ilu, ramamme kamar karan dawa, ƙafarsa ba takalmi. A hanya ya ce, "Cire abin ga. Mai ɗaukar kaya ƙasa ke riƙe shi." Shi ma na ce masa bai san gari ba.

Muka tsaya a layi har rana ta take. Robar ta ɗau zafi, man ya narke, gumi ya haɗu da shi. Da aka kira ni, kowane taku sai ka ji cakwal, cakwal. Na tsuguna, na kama ƙarfen, na yunƙura. Sai takalmin dama ya saki wata ƙara, irin wadda babba ba ya yi cikin mutane.

Saje ya toshe hanci. "Kai, mi ka ci da safe?"

"Wallahi takalmi ne, Saje!"

Layi ya ɗauke da dariya. Haushi ya sa na finciko ƙarfen har ƙirji, saura in tura sama. Diddigen hagu ya sulɓe. Takalmin ya tashi kamar an harba shi, bai sauka ko'ina ba sai cikin ƙwaryar wata mai fura da ke zaune a gefe. Ni kuma na zauna daɓas, ƙarfen ya gangara, Saje ya yi tsalle ya tsira da yatsunsa. (Abin da mai furar ta faɗa mini ba na rubutawa ba ne.)

Na cire ɗayan, na roƙi a bar ni in sake. Saje ya dubi ƙafafuna suna ƙyalli, yashi ya manne musu kamar ƙuli a jikin tsire.

"Ba ni ba wa mai santsi siminti. Buhu in ya fashe, ni za a tambaya. Na gaba!"

Ilu ne na gaba. Ya murza ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗaga yana makyarkyata kamar ɗan tsako a ruwa. Ɗaya, biyu, uku. Aka ɗauke shi.

Ranin nan ban yi shi a gida ba, sai da na tafi neman abin da za mu ci. Na dawo na tarar Ilu ya yi keke, kullum sai ya kaɗa mini ƙararrawa a ƙofar gida. Takalmin dama kuwa Hinde ta mayar da shi mazubin ruwan kaji.

Yanzu samarin da ke ɗaga ƙarfe don motsa jiki kan tambaye ni wane takalmi ya fi. Nakan ce mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai tauri, wanda ya kama ƙafa tsam. In babu, a taka ƙasar Allah haka nan. Fasona dai yana nan har yau, bai taɓa kayar da ni ba. Ranar da na ɓoye shi ce na faɗi.