An Dasa Darbejiya a Zaurena

Jama'a, ku taya ni murna, yau na samu itace. Na dawo daga sayen zare da hantsi, sai na tarar an dasa ɗan darbejiya a tsakiyar zaurena, an kewaye shi da kwando, an kafa allo cewa duk wanda ya cire shi zai yaba wa aya zaƙi. Na tambayi maiɗakina Mu'minatu yadda aka yi. Ta ce wasu ne suka zo a mota suna yaƙi da hamada, suka ga fili, suka dasa. Har ruwan sha ta aika musu, wai baƙonka annabinka.

Ban ga laifinsu ba. Duk wanda bai san unguwar ba, fili zai gani. Amma bara warhaka zaure ne a wurin, wanda mahaifina ya gina da hannunsa. A ciki ya koya mini taka keken ɗinki, a ciki nake nemo abin da za mu sa a baka. Bari ku ji yadda ci gaba ya bi ta kansa.

Tun da Allah ya sa Dutse ta zama babban birnin jiha, alheri yake bin layinmu ba ƙaƙƙautawa. Masu titi ne suka fara zuwa. Suka shimfiɗa kwalta, suka yi kwalbati a gangare don ruwan da ke saukowa daga duwatsu ya sami hanya. Mai girma Sarkin Kwalta ya zo ya buɗe, muka yi tafi har hannu ya yi zafi.

Kwalta ba ta gama daina wari ba sai ga masu ruwa. Suka fasa titin, suka ja rami ta gindin gidajenmu, ya bi ta jikin zaurena kamar an gwada da tsinke. Suka ce za a kawo mana ruwa har ƙofar gida, bututu yana hanya. Ban san wace hanya ba ce, amma ko daga Makka ya taso a ƙafa ya ci a ce ya iso.

Bayansu masu wuta suka zo neman inda za su kafa turke. Ƙasarmu kuwa dutse ce, ba ta haƙuwa da daɗi. Sai suka hango bakin kwalbati, ga laushi ga rami a shirye. Suka dasa turken a ciki, suka zuba siminti har ya toshe bakin ruf. Aiki ya yi kyau, ko giwa ba ta girgiza shi.

Maƙwabcina Baffa Muntaka, mai sayar da dabino, shi ya fara ɗaga kai sama ya ce mini damina fa ba ta san kwangila ba. In ruwa ya sauko ya tarar da kwalbati a toshe, ramin masu ruwa zai bi, ramin kuwa a gindin zaurena yake. Hankalina ya tashi. Na sa rigar Juma'a na tafi kai kuka.

A ofishin Sarkin Kwalta aka ce kwalbati nasu ne, amma turke ba nasu ba ne. A ofishin Wazirin Lantarki aka ce turke nasu ne, amma su ba su san da wani kwalbati ba. Na ƙarasa wurin Galadiman Famfo, mutum mai fara'a, har kujera ya ba ni. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce: "Malam, rami namu ne, ba ma musu. Amma ruwan sama ba namu ba ne. Mu na bututu muke kula da shi."

Na yi godiya na fito. Abin mamaki, ofisoshin uku a jere suke, inuwar itace ɗaya motocinsu suke sha.

Da muka ga haka, sai muka koma wa abin da muka gada. Baffa Muntaka ya kira gayya, kowa ya fito da fartanya da kwando, mata suka dama kunu, kafin azahar mun cike ramin mun daddaɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ashe mun yi ɓarna. Masu ruwa suka dawo suka ce mun rufe aikin gwamnati ba izini, amma an yafe mana saboda jahilci. Aka sake ba da kwangilar tonewa. Wannan karon ramin ya fi na da faɗi, don ɗan kwangilar mai tsoron Allah ne, ba ya son a ce ya yi ha'inci.

Ruwan farko mai ƙarfi da la'asar ya zo. Ya sauko daga duwatsu, ya gaida turke, ya juyo ya bi rami. Ni da Baffa Muntaka muka ciccibo keken ɗinki muka fito, muna tsaye muna kallo bango ya durƙusa, azara ta biyo shi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye. Ba ƙasar nake wa kuka ba, wurin zaman mahaifina nake wa.

Allah ya saka wa manya da alheri, sun zo jaje, su ukun rana ɗaya. A kan kufan zaurena suka fara haɗuwa. Sarkin Kwalta ya miƙa wa Galadiman Famfo hannu ya ce ya daɗe yana jin labarinsa. Suka yi ta raha, suka yanke shawarar kafa kwamitin haɗin gwiwa, don daga yau kowane aiki a tsara shi tare. Mu'minatu tana bayan ƙyaure ta ce, a hankali: "Da an san faɗuwar zaure ke haɗa su, ai da an rushe musu ɗaya tun kafin a fara."

Da alama masu dashen itace ba a sa su a kwamitin ba.

Yanzu ga tubalin da na buga duk rani yana jibge, ga darbejiya a inda zan aza shi, ga allo yana harara ta. Baffa Muntaka ya ce in yi haƙuri in riƙa ba ta ruwa, nan da shekara ashirin zan yi ɗinki a inuwa. Shawara ce mai kyau, kuma ban-ruwan ba zai yi wuya ba, ramin yana nan cike fal. Sun ce za su kawo mana ruwa har ƙofar gida, ku shaida sun cika alkawari. Ƙofar ce dai babu.