Yadda Za Ka Share Wasiƙun Shekara Tara, Laifi Ya Hau Kan Sakatariya

A nan Parakou ana cewa Madam Bake, sakatariyar ƙungiyarmu ta manoman kashu, ba ta taɓa ɓatar da ko guntun takarda ba. Direbobi na cewa ta fi sanin ranar shigowar kowace wasiƙa da ranar haihuwar 'ya'yanta. Shugaba Yaru kuwa "ƙwaƙwalwar ofis" yake kiranta. To ni Woru, mai kula da sito, da na koyi karatu ina da shekara arba'in, zan nuna maka yadda ake rushe sunan irin wannan mace cikin minti goma. Ba ya kuskure. Na gwada.

Mataki na 1: Ka bari ta taimake ka

Yi ƙorafin intanet ɗin sito na yankewa, shafin imel ba ya buɗuwa. Za ta tausaya, ta zo da ƙafarta ta saka maka manhajar imel a kwamfuta, ta haɗa ta da akwatin ƙungiya. Foldodinta za su jeru a hagu: Masu Saye, Kwastan, Taro.

Mataki na 2: Gyaɗa kai

Za ta ce, "Baba Woru, saurara da kyau. Wannan ba kwafi ba ne, taga ce. Abin da ka taɓa a nan, ka taɓa shi a wurin kowa."

Gyaɗa kai a hankali. Kada ka yi tambaya. Mutane sun ɗauka duk mai shiru ganewa yake yi, kuma na daɗe ina cin wannan moriyar.

Mataki na 3: Yarda da zamanin kabon

Ka tuna yadda ake yi da can, a sa takardar kabon a tsakani rubutu ya fito biyu: farar takarda na kabad ɗin sakatariya, shuɗiyar na wurinka, in kaka ta ƙare ka tara shuɗayen ka cinna musu wuta. Shekara talatin kana haka ba wanda ya yi kuka. Ka yanke hukunci cewa na kwamfutarka su ne shuɗaye.

Mataki na 4: Yi shara

Wasiƙa dubu goma sha ɗaya a wuri ɗaya ai ƙazanta ce. Danna Masu Saye, goge. Injin zai tambaya ko ka tabbata. Ji rashin kunya, dattijo ake tambaya sau biyu? Danna eh. Sannan ka buɗe kwandon sharar ka zazzage shi, don mai sito na kirki ba ya barin bola a bakin ƙofa.

Mataki na 5: Tafi cin sakwara

Da wagashi, cukun nan na Fulani, kada ka yi sauri. Kafin ka dawo ofis ya kama da wuta. Masu saye za su iso mako mai zuwa, kuma duk abin da aka yi yarjejeniya da su a kan nauyi da ranar lodi yana cikin foldar nan.

"Bake, ina wasiƙun?" in ji Shugaba.

"Da safe suna nan, Shugaba."

"To fuka-fuki suka yi? Ko ƙwaƙwalwar ce ta fara yoyo?"

Direbobi za su yi dariya. Kai ka dubi silin.

Mataki na 6: Fake da furfura

Wannan shi ne ginshiƙin dabarar. A wurinmu ƙarami ba ya nuna babba da yatsa a gaban jama'a, ko da ya kama shi da hannu cikin tukunya. Za ta biyo ka sito, ta rusuna ta gaishe ka, ta ce, "Baba, kwamfutarka lafiya dai?"

Ka ce, "Lafiya lau, 'yata. Har ta ƙara sauri."

Za ta dube ka. Za ta ce, "Madalla." Ta sani, ka san ta sani. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna ya karɓe makullin ofis daga hannunta, kuma ba za ta ambaci sunanka ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da wasiƙunka, da masu sayenka, da sakwarar da za ta daina yi maka daɗi tun daga Talatar da ka yi sharar. Ba ruwansa kuma in ƙafafunka suka saɓa maka, kamar yadda nawa suka yi.

Ranar Juma'a Madam Bake ta ciro makullin ta ajiye a gaban Shugaba. Ni da ban taɓa magana a taro ba, sai ga ni tsaye. Na cire hula, na durƙusa gaban matar da na girme wa shekara ashirin da biyar.

"Baba Woru, faɗuwa ka yi?" in ji Shugaba.

Na ce, "Ni na goge su. Ta gaya mini, na gyaɗa kai, ban gane komai ba. Ɗauki makullinki, Bake. Ki yafe mini, 'yata."