Rasuwar Hajiya Toka, Wadda Rahoton Ƙarya Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ba ta ɓoyuwa, Maccido Attahiru na Giyawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Hajiya Toka, bayan jinyar kwana huɗu a kan ciwon da ba nata ba.

Marigayiya ta yi shekara tara a hannunsa. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa neman fanka ba. In zafi ya dame ta sai a ɗora ta a bakin randa, ta ce "fuuuu", ta ci gaba da aiki. Da ita Maccido ya rubuta manhajar da ke gaya wa manoman albasa ranar da ruwa zai zo kan kowa, don a daina zare wa juna ido a bakin rafi.

Ga yadda abin ya faru. Maccido ya aika manhajar zuwa rumbun da ake ajiye irinta a intanet. A can akwai wata na'ura mai duba aiki, ita ke haɗa manhaja ta gwada, ta sa alamar kore ko ja. Ta sa ja, ta rubuta: "Babu sauran wuri."

Ga noman rani ya ƙarato. Maccido ya dubi baiwar Allah ya ce ita ce ta cika. Ya goge bidiyon dambe, ya sake aikawa. Ja. Ya goge wa'azin shekara uku, yana istigfari. Ja. Ya cije, ya goge hotunan bikinsa da matarsa Turai, waɗanda babu kwafinsu ko'ina a duniya. Ja dai. A rana ta huɗu ya hango wasu manyan fayiloli da bai san sunansu ba, ya share su. Ashe su ne ranta. Ta ce "ƙit", fuskarta ta yi baƙi. Kakarsa da ke gefe tana tsinkar zogale ta ce, "Wai mi tay yi maka, Maccido?"

Washegari Sharifa, abokiyar sana'arsa ta Wurno, ta buɗe cikakken rahoton, wanda shi bai taɓa wuce layinsa na farko ba. Can ƙasa ta gano cewa na'urar mai dubawa ce cikinta ya cika, a wata ƙasa mai nisa. Laifin wani, an yanka wani. Sharifa ta danna a sake gwadawa, ba ta taɓa ko harafi ɗaya ba, sai ga kore, don kafin nan masu na'urar sun rage mata kaya. Manoma sun samu manhajarsu. Maccido ya zauna ya yi kuka.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da linzamin kwamfuta wanda ba ya dannuwa ta dama. Batirinta ya riga ta tun shekara uku.

Za a kai gawar wajen mai gyara a Rabah ranar kasuwa, a kan babur, a raba sassanta ga mabuƙata. Ba a gayyaci na'ura mai duba aiki ba.

Zaman makoki kuwa ba a gidan Maccido za a yi ba. Yana Kagara, gidan kawunsa, domin a cikin wannan sanarwa ne Turai za ta fara jin labarin hotunan bikinta. Wanda ya riga shi ganinta, don Allah ya ba ta haƙuri.