Kwamfutar da Ta Koyi Cewa Kalewa

Ka yi mini uzuri, abokina, shekarar da aka yi abin nan ta kuɓuce mini, har ma da sunan layin. Na dai san a unguwar Lamisula ne, cikin Maiduguri, wato Yerwa, a shagon Falmata mai buga takardu, kuma ban manta bugun ƙirjin ƙanin mijinta Abdulmutallib ba.

"Ni ne Injiniyan Yerwa!" in ji shi. "Kwamfuta in ta ji takuna, da kanta take gyara zama."

"Injiniyan baka dai," in ji Falmata.

Lokacin ina zuwa shagon kullum da hantsi, ina faɗa mata abin da na gani a yawona tana bugawa, don kaina ya fara yoyo, ina so in kwashe kafin ya tsiyaye. Mun yi babi talatin da tara. Aibin kwamfutar ɗaya ne: yawan ƙorafi. Yau wuri ya cika, gobe fayil ya ƙi buɗuwa.

Abdulmutallib ya ce mini, "Baba Malam, waɗanda suka ƙera harshen da aka rubuta manhajar nan da shi sun bar ƙugiya uku, don gwani ya rataya nasa tsarin. Ɗaya ta ƙwaƙwalwa, ɗaya ta ajiye fayil, ɗaya ta kai ƙara in an yi kuskure. Ragwaye suna barin na asali. Ni kuwa nawa zan rataya."

A ƙugiyar farko ya hana ta sakin abin da ta riƙe. "Daga yau ba ta mantuwa," in ji shi. Har na ɗan yi mata hassada.

A ta biyu ya ce sunaye barkatai raini ne, kowane fayil a ajiye shi da suna ɗaya: Injiniya Abdulmutallib. Har takardarsa ta neman aiki da wannan sunan ya ajiye ta.

A ta uku ya tsaya ya yi mana wa'azi. "Ya Falmata, kin taɓa gaida mutumin Borno ya ce miki ba lafiya? Ko rufin ɗakinsa ne ya faɗo masa a ka, kalewa zai ce, wato lafiya lau. Na'urar nan ba ta da tarbiyya." Ya goge duk saƙonnin kuskure, ya sa kalma ɗaya a gurbinsu.

Kwana uku muna sake buɗe tsofaffin babobi muna gyarawa muna ajiyewa, kwamfuta tana ta cewa kalewa. A rana ta huɗu muka buga babi na arba'in, labarin wani jaki da na sani a Tsohuwar Maiduguri. Muna gama ajiyewa, Injiniya ya karɓe ta ya ɗan taɓa, sai ta fara nishi, don ta ƙoshi da abin da aka hana ta saki. Falmata ta danna, shiru.

"Me ya same ta?" in ji ta.

"Tunani take," in ji Injiniya. "Duba, ta ce kalewa."

"Tana wari fa!"

"Ƙamshin aiki ne."

Hayaƙi ya fito ta bayanta. Ta rubuta kalewa sau ɗaya tak, cikin ladabi, ta mutu.

Da mai gyara ya ciro ma'ajiyarta, fayil ɗaya ya tarar. Kowane babi ya hau kan ɗan'uwansa ya danne, tunda sunansu ɗaya. Na zauna a kan benci ina ƙoƙarin tuno ko da babin farko, ban samu komai ba.

Falmata ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. "Baba, kwantar da hankalinka. Tun ranar da ya ce shi Injiniya ne na buga komai a takarda. Shekara goma sha biyu ina zuba masa tuwo, na san hannunsa."

Abdulmutallib ya kaɗa riga. "Ko a jikina! Ɗazu kafin ta mutu na tura takardata wani kamfani a Abuja. Za ku neme ni."

Daga nan ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, sai da na je unguwar Bulabulin na tambayi Kashim, abokinsa da ke aiki a kamfanin, da ya zo gida hutu, ya nuna mini a wayarsa. Fayil ɗin ya isa lafiya, da sunansa a sama, Injiniya Abdulmutallib. Layin farko kuma nawa ne: "Wannan jaki ne mai yawan kuka, ba a taɓa ɗora masa kaya ya kai gida ba."