Wa Aka Ce Ya Zauna?

Wani ne, mai gyaran takalma, ya tsinci ɗan kwikwiyo a bayan rumfarsa, haƙarƙari duk a waje. Ya jefa masa guntun burodi. Shi ke nan, kwikwiyo ya biyo shi har gida.

Mutumin nan kuwa tun da yake ba a taɓa yi masa oyoyo irin ta karen nan ba. In ya dawo daga aiki, yara suna gaban talabijin, ko kai ba sa ɗagawa. Matarsa malamar firamare ce, kullum tana duƙe a kan aikin ɗalibai da jan biro. Kare kaɗai ke tahowa da gudu, yana kaɗa jela kamar za ta cire. Wallahi son karen nan ya shiga ransa ba da wasa ba.

Sai dai fa kare ya girma ba ya jin maganarsa ko kaɗan. Ya ce zo, ya tafi. Ya ce bari, ya ƙara. Ga cin takalmi, sai ka ce ya san sana'ar ubangidansa yana nema masa kasuwa. Ranar da ya cinye dunduniyar takalmin da Malama ke zuwa makaranta da shi, ranar aka yi ta.

"Baban yara, zo ka ga aikin ɗanka."

"Haba Malama, ai zan gyara."

"Na san za ka gyara, ai kullum cikin gyara kake. Kai ka kawo shi, ni ke dafa masa, ni ke share ƙazantarsa. To ka ji: ranar Asabar za ka ce masa zauna a gabana. In bai zauna ba, to ba zai zauna a gidan nan ba."

Hankalin mutumin ya tashi. Da safe ya kasa ko zura zare a allura. Wani mai kawo masa gyara ya ce ai akwai masanin halayyar karnuka a saman kantin magani, har a rediyo ana hira da shi. Ya rufe rumfa, ya nufi can.

Ya tarar da ofis fes, sanyin na'ura na busawa, takardun shaida sun cika bango, ga hoton ƙwaƙwalwar kare an zana mata kibiyoyi. Gashin kare kuwa ko ɗaya babu. Masanin yana zaune cikin farar riga, tabarau a kan karan hanci.

"Dakta, karena ne ba ya jin magana."

"A'a, ba a cewa haka. A ilimance, yana fama da rikicin shugabanci."

"Subhanallahi! Ana warkewa?"

"Saurara. Bincike ya nuna kare garke yake ɗaukar mutanen gida, kuma shugaban garke kaɗai yake wa biyayya. Wane ne shugaba a gidanka?"

Mutumin ya waiga ƙofa tukuna, sannan ya ce, "Ni ne mana."

"To ka nuna masa. Shugaba shi ke fara komai. Shi ke fara wucewa ta ƙofa. Shi ke fara cin abinci. Kada ka yarda ya zauna sama da kai. Sannan lada: da zarar an yi abin da ka ce, a ba da tsokar nama nan take. Nan take fa! In aka jinkirta, ƙwaƙwalwa ba za ta haɗa aiki da lada ba."

Mutumin yana ta gyaɗa kai. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Dakta, kai wane irin kare kake kiwo?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ni bincike nake, ba kiwo ba."

Gogan naku ya dawo gida da buhun ilimi da ledar nama. Aka fara da ƙofa. Da an buɗe, sai tsere. Kare ya ɗauka sabon wasa ne aka kawo masa. Su yi karo a bakin ƙofar falo, su yi karo a ta kicin. Rannan ya yi tsalle don ya riga kare shiga banɗaki, goshinsa ya gaisa da katakon sama. Ya fito da ƙulu kamar ƙwan agwagwa, amma yana murmushi, don shi ya fara shiga.

Sai batun abinci. Malama ta zuba wa kare nasa a kwano, ta juya ɗauko ruwa. Tana waigowa ta ga maigida a durƙushe da cokali.

"Baban yara! Me nake gani haka?"

"Shugaba shi ke fara ci. Ke ba ki san kimiyya ba."

"Naka yana kan tebur!"

Suka juya. Ina! Kare ya riga ya hau tebur, har ya kusa suɗe farantin.

Maganar zama a sama kuwa, tunda kare ya saba hawa kujerar falo, sai shi ya koma kan firji. Can yake shan shayinsa, kansa na gogar silin. Kare kuma ya miƙe ƙafa a kujerar maigida mai laushi, yana kallon labarai tare da yara.

Saura babban darasi. Ya kai kare bayan gida, ya ɗaga tsoka, ya ce, "Zauna." Kare ya kalle shi. Ya sake cewa, "Zauna." Kare ya yi hamma.

"Ƙila bai san yadda ake yi ba ne. Bari in nuna masa. Duba nan. Zauna!"

Ya yi zaman dirshan a ƙasa. Sai ya tuna Dakta ya ce da zarar an yi abin da aka ce, a ba da lada nan take. Ya duba, shi ne ya yi. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa, har nasa. Ya jefa tsokar a baki.

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Ya ce zauna, ya zauna, ya ci. Kare yana tsaye yana kallon ikon Allah. Kafin mako ya ƙare naman ya ƙare, an sayo wani, maigida har ya fara kumatu. A rumfa ma, wata ta ce wa ɗanta zauna, sai ga mai gyara a ƙasa yana haɗiyar yawu.

Asabar ta zo. Ya lallaɓa ya roƙo Dakta ya zo ya zama shaida. Dakta ya shigo falo yana rungume da jakarsa a ƙirji kamar garkuwa, takalminsa na ƙyalli. Malama ta harɗe hannu, tsoka ɗaya a faranti kusa da ita.

"Bismillah, Baban yara. Muna kallo."

Mutumin ya dubi karensa, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya dafa bango da kyau don kada ya sake zama da kansa. Ya ce a hankali, "Don Allah, don darajar burodin da na ba ka, zauna."

Kare bai ma ji ba. Idonsa na kan takalmin Dakta. Bai taɓa ganin fata mai kyau irin wannan ba. Sai ya yi kukan kura ya cafke.

"Wayyo! Ku riƙe shi! Ku riƙe shi!"

"Dakta, yi masa kimiyya!"

"Wace kimiyya? Zai cinye ni!"

Dakta ya ɗare tebur da ƙafa ɗaya a takalmi. Kare ya bi shi. Maigida ya bi kare. Fitila ta faɗi, yara suna ihu suna tafi. Malama ta miƙe. Shekara da shekaru tana fama da aji mai cike da ƙananan yara, ta san inda take ajiye muryar. Ta ɗauko ta.

"ZAUNA!"

Kare ya zauna, ya saki takalmi. Yara suka zauna. Dakta ya tsinci kansa zaune a kan tebur, hannuwa a gwiwa. Har maƙwabcin da ke wucewa ta bakin taga sai da ya nemi wuri. Maigida kuwa tuni yana ƙasa, baki a buɗe.

Malama ta jefa wa kare tsoka. Maigida ya cafe ta a sama.

Dakta ya gyara tabarau. "A ilimance dai, ina jin an gano shugaban garke."

Mutumin ya haɗiye nama. "Dakta, tsakaninka da Allah, wa ya fara zama, ni ko shi?"

"Kai ne."

"To! Ba kai ka ce shugaba shi ke fara komai ba?" Ya rungumo wuyan karensa, ya dubi matarsa yana washe baki. "Kuma kowa shaida ne, da bakinki kika ce zauna. Mun zauna ke nan, ko Malama?"

Ta ce, "Da karen nake. Kai ban gama shawara ba tukuna."