Magnum Mai Kada Zaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe akwatin nan a ƙofar gidan Maigari ba, ko da yake na daɗe ina ƙoƙarin mantawa.

Ba a jima da samun 'yancin kai ba aka turo ni wani ƙauye gaba da Dogon Kiriya in buɗe lakwal, wato makarantar boko. Rumfar zana ce, da allo, da ni. Abin da babu shi ne yara. Mutanen garin sun yi ittifaƙi cewa abu biyu lakwal ke koyarwa: raina iyaye da shan giya. Ga shi kuma an aiko daga Dogon Dutsi cewa in benci bai cika ba kafin damina, za a naɗe zanar a kai wani gari. (Ni ma, na fahimta, tare da ita za a naɗe ni.)

Ana haka sai zaki ya faɗa wa shanun Ardo Bello, shugaban makiyayan yankin. Maigari tsohon soja ne, yana da doguwar bindiga da wani kumandan Bature ya bar masa da zai koma gida, amma ba harsashi ko ɗaya. A jikin ƙarfenta akwai rubutu. Wa zai karanta? Aka ce a kira Mushe, wato ni, don haka ake kiran malamin lakwal.

Na gyara tabarau (idona lafiya lau, don kwarjini nake sawa), na karanta lamba, sa'annan wata kalma: Magnum, irin harsashin da take ci ke nan. Na koma ɗaki na zaro wani tsohon littafin kayan farauta da na tsinta tun ina ɗalibi, na duƙufa. Harsashi mai nauyi yana shiga ya karya ƙashi, amma yana sunkuyawa in nisa ya yi yawa. Marar nauyi ya fi gudu, yana tafiya a miƙe, amma yana iya tarwatsewa a kafaɗa ya bar ka da zaki mai fushi. Ni da ko ƙadangare ban taɓa jifa na samu ba, na zauna gindin gawo ina yi wa tsohon soja lacca a kan gudun dalma.

Ardo ya saurara har na ƙare, ya ce, "Mushe, ni ban san gudu ba, ban san nauyi ba. In karatunka ya kashe zakin ga, 'ya'yana naka ne, kuma ruga duka za ta biyo."

Kafin in yi tunani, bakina ya ce to.

Ɗan Baro direba ke zuwa Yamai da babbar mota, shi na aika. Na nanata masa lambar da kalmar har ya ce, "Haba Mushe, ni jaki ne?" Yana tafiya barci ya ƙaurace mini. In harsashin ya yi wa bindigar girma fa? In ta fashe a fuskar Maigari fa? Duk safiyar da aka ce zaki ya sake ɗaukar maraƙi, sai in ga kamar ni ake kallo. Na rame har wandona ya nemi igiya.

Ranar Juma'a, ana fitowa masallaci, motar ta iso. Gari ya taru. Aka dire akwatin katako mai nauyi, na ji daɗin nauyin nan. Liman ya tofa masa addu'a, ya roƙi Allah ya sa abin da ke ciki ya sami wanda aka nufa da shi. Muka ce amin, ni na fi kowa ƙarfin murya. Maigari ya ɓalle murfin, ya yaye ciyawa, ya sa hannu.

Kwalba ya zaro. Ƙatuwa, kamar tulu, wuyanta naɗe da takardar zinariya. Ya sake sa hannu ya zaro ƙanwarta.

Ɗan Baro kaɗai ke murmushi. Lambar dai ta zube masa a hanya tun kafin Doso, kalmar ce ta isa. "Na ce wa mai kantin magnum nake so, mai ƙarfi, mai kada zaki. Ya yi ta dariya, ya ce wanga ko giwa ya sha sai ta kwanta."

"Giya ce," in ji Maigari, wanda ya ga duniya.

Ardo ya dube ni. "Mushe, zakin zai sha, ko yaranmu?"

Na ga rumfata ana naɗe ta. Na nemi bayani mai ilimi, na Faransanci ko na Latin, babu wanda ya zo. Abin da ya fito, cikin muryar ɗan akuya, shi ne, "Wallahi ban san sunan kwalba ne ba."

Liman ya matso. "Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, Malam."

"Duk littattafan nan da ka haɗiye, ba a koya maka ba?"

"Ba a koya mini ba."

Ya shafa gemu, ya juya ga jama'a. "To kun ji. Yaron ga ya shekara goma sha wani abu a lakwal, ko sunan giya bai sani ba. Ashe ba ita ake koyarwa ba."

Dariyar da aka yi, har jakuna suka amsa. Ardo ya share hawaye da bakin rawaninsa ya ce gobe zai turo yaran, tunda wanda bai san komai ba, ba zai lalata kowa ba.

Na koma ɗaki na buɗe ƙamus, wanda duk kwanakin nan nake matashin kai da shi. Ga ta nan, ma'ana ta farko: babbar kwalba. Kwalaben suka koma Yamai. Zakin kuwa, damina na faɗuwa ya yi gaba da kansa; ina zaton labarin ya ji. Benci ya cika, zana ta zama ginin ƙasa, ni kuma na zama Mushe Mai Kwalba har na yi furfura.

Abin da na koya: kalma, kamar harsashi, a duba ko wane baki za ta shiga kafin a aika ta. Kuma duk jarrabawar da na ci a rayuwa, wadda ta fi amfanata ita ce wadda na ci da jahilci.