Ranar da Na Ga Ƙwayar Halitta Cikin Duhu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, lokacin da kwaleji ta tura ni koyarwar gwaji a wata sakandare da ke kan hanyar Illo. Bayoloji nake koyarwa, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Idan na kama alli sai in zana ƙwayar halitta ba tare da na kalli littafi ba: ga bango, ga tantani a bayansa, ga ruwan ciki, ga nukiliyas a tsakiya yana mulki kamar maigari, ga mitokondiriya da ke dafa wa ƙwayar ƙarfin da take aiki da shi. Abu ɗaya ne na ɓoye wa kowa. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa sa ido a maikiroskof, na'urar ganin ƙananan halittu, ba. Malamina zane ya yi mana a allo, ina zaton shi ma haka aka yi masa.

Ran nan ne Dakta Hajara za ta zo daga kwaleji ta duba ni, kuma makin da za ta ba ni shi zai sa in gama karatu ko in maimaita shekara. Mai hankali da ya yi zanensa ya karɓi makinsa lafiya lau. Ni kuwa na ce sai na burge. Na ji labarin akwai maikiroskof guda a sito, sai dai makullin yana aljihun shugaban makaranta, shi kuma ya tsallaka ƙasar Benin ta'aziyya, bai dawo ba sai da safen nan, ana saura minti goma a shiga aji. Na ciro abin daga akwati, na hure ƙura, na tsinci ɗan gilashin da ake sa ido yashe a gefe, na cusa shi a bakin bututun. (Gwadawa? Ina lokaci, ina can ina gyara wuyan riga.)

Dakta ta zauna a bayan aji da fayil a cinya. Na ɓare albasa, na zare siririn tantaninta, na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga aidin, duk yadda littafi ya ce. Na yi bisimilla na sunkuya.

Duhu. Baƙi ƙirin.

Na murɗa wannan, na murɗa wancan, na juya ɗan madubin ƙasa, babu abin da ya canja. Maimakon in ce abin ya ƙi, sai na ji bakina yana cewa, “Masha Allah! Ga bangon nan raɗau. Ga nukiliyas, ƙato da shi.” Har da gyaɗa kai, wallahi.

Na sa ɗalibai suka yi layi. Na farko ya leƙa ya ce, “Awo Mallam, na gane shi.” Na biyu ya ce ya ga bango. Wani ma cewa ya yi ya ga abin yana motsi, na ce masa madalla, idonka da kyau. Har na fara zargin ko ni ne idona ya samu matsala.

Sai layi ya zo kan Ramatu, wata ɗaliba daga gidan masunta wadda ba ta cika magana a aji ba. Ta leƙa da idon dama, ta koma na hagu, ta ɗago.

“Mallam, ni dai ban ga komi ba. Duhu na.”

Na ce, “Ki ƙara dubawa da natsuwa.”

Ta sake leƙawa. “Mallam, wanga abu ko an tushe shi na?”

Na ji ƙarar kujera daga baya. Dakta Hajara ta taso a hankali, ta leƙa sau ɗaya, ta zare ɗan gilashin, ta kifa bututun a tebur ta ƙwanƙwasa. Busasshen laka ya zubo, da matattun gizo-gizo biyu. Ashe zanzaro ya gina gidansa a ciki, Allah kaɗai ya san tun wace damina.

Ta dube ni ta ce, “Malam, a wane ɗaki nukiliyas ɗin yake?”

Ajin ya fashe da dariya, kuma waɗanda suka rantse sun ga bango su suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta sa tsinke da audugar kunne ta share bututun, ta juya madubin wajen taga, ta ce a sake layi, Ramatu a gaba. Ni ta nuna mini ƙarshen layi, bayan ɗalibaina. Da na leƙa sai ga ƙwayoyin nan a jere kamar tubalin gini, kowacce da ɗan ɗigon nukiliyas a gefe, ƙarami, ba ƙaton da nake cika allo da shi ba. Duk da kunyar da nake ciki sai da na manta kaina na ce, “Kai! Ashe da gaske ne!” Wannan ma kowa ya ji.

A bakin mota na tambaye ta makina, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, “Darasin yau ni na koyar, don haka makin nawa ne. Naka sai na dawo wani mako. Ƙin da abin ya yi ba laifinka ba ne, da ka faɗa da na ba ka maki a kan haka. Amma ka sa aji guda sun yi ƙarya don kada su kunyata ka.”

Na ci a zuwanta na biyu, da ƙyar. Yau shekaruna da dama ina koyarwa, kuma duk ranar da na tambayi aji ko sun gane suka amsa baki ɗaya, gabana faɗuwa yake yi. Na san iya abin da yaran kirki za su iya gani idan malam ya riga ya ce masha Allah.